Mode Baduku da Hanyar Asaba

"A'a, Malam Mode, ba nan Okene take ba. Miƙo bairon."

Badaru ya karɓi bairon, ya jawo tsohuwar kalandar da suka kife a kan tabarma, ya soke ɗigon da Mode ya yi, ya sake wani can ƙasa da shi.

"Sai ka wuce Lokoja tukuna. In ka ga duwatsu sun taso maka hagu da dama, hanya tana ta murɗewa, to ka iso Okene. Daga nan Auci, daga nan Agbo. Sannan Asaba."

Mode ya gyara tabarau, ya sunkuya yana bin zanen da yatsa. Yatsun nasa ja ne har cikin farce, don shekara arba'in ke nan yana aikin jar fata a wannan 'yar rumfa ta Ƙofar Taramniya. Jakunkuna da kube da layu suna rataye a bayansa, warin jima ya kama bango da tabarma da rigarsa. Duk rayuwarsa bai taɓa wuce Gusau ba.

Shi kuwa Badaru, maƙwabcinsa da katanga ɗaya ta raba su, tsohon direban babbar mota ne. Shekara talatin ya yi yana kai albasar Sakkwato Anaca, har ciwon baya ya sauke shi daga kan sitiyari. Gadar da ta haɗa Asaba da Anaca, bai san adadin hawan da ya yi mata ba.

"Ruwan nan na Asaba," in ji Mode, "hwaɗinai ya kai daga nan zuwa Hubbare?"

"Ya kai. Ya ma hi."

Mode ya dubi titi, kamar yana auna nisan da ido. Wata keke Napep ta wuce da buhunan gero, mai rake ya tura baronsa zuwa inuwa. Zafin bazara ya sa har kudaje sun lafa.

"To mutum ba shi iya ninƙaye shi da takalmin soja," ya ce a hankali.

Badaru ya ɗago kai daga kan kalandar. Idonsa na kan na Mode. Farin idon ya koma ruwan ɗorawa, wuyan rigar kuma ya yi masa yawa, cikinsa ya ɗan turo gaba ba na ƙoshi ba. Tun kafin azumi ya lura da haka, amma duk lokacin da ya taɓo maganar sai Mode ya ce shawara ce, yana shan saiwa.

Wannan shiri na tafiya ya samo asali ne bara, da Inna Dije, mahaifiyar Mode, ta rasu. Da ake rabon kayanta aka sami wani gwangwanin alewa a ƙasan adudu, an ɗaure shi da tsumma. A ciki akwai hoton wani saurayi siriri da hular soja, da wasiƙu huɗu na ajami da suka yi laushi kamar ƙyalle. Saurayin shi ne Kofur Habibu, uban da Mode bai taɓa gani ba. Ya tafi Yaƙin Basasa ya bar Dije da cikin wata biyu. Iyakar abin da ta taɓa gaya wa ɗanta shi ne, "Ubanka ya tai yaƙi, Allah bai maido shi ba." Idan ya ƙara tambaya, sai ta tashi ta sami wani aiki.

Wasiƙu uku na Habibu ne, ɗaya daga Kaduna, ɗaya daga Okene, ɗaya daga Binin. Gaisuwa ce da tambayar lafiyar ciki, da cewa ruwan sama a can ba ya ɗaukewa. Ta huɗun wani abokinsa ne ya rubuto, Audi, mutumin Gwadabawa. Ya ce sun iso wani gari a bakin babban kogi, ana ce masa Asaba, sun tarar an karya gada. Aka zuba su a jirage za su haye zuwa Anaca. Jirgin da Habibu ya shiga bai kai gaɓa ba.

Mode ya nemi Audin nan har Gwadabawa, aka ce masa ya rasu tun shekara ashirin da suka wuce. Da ya dawo, ko gida bai shiga ba, ya tsaya a ƙofar Badaru.

"Kai ka san hanyag ga," ya ce. "Ka kai ni. In bi inda yab bi, in tsaya inda yat tsaya, in yi mai addu'a bakin ruwan. Mutum na da uba, ba shi da ko tudun ƙasa da za shi nuna."

Badaru ya amsa masa nan take. Tun daga ranar, kowace la'asar sai sun shimfiɗa kalandar nan. Suka tsayar da rana, sati biyu bayan Ƙaramar Salla. Badaru ya yi magana da wani direba da ya taɓa yi masa yaron mota, ya ce zai ba su gidan gaba. Ya kuma kira tsohon abokin cinikinsa na can, wani dillalin albasa mai suna Ogbolu, wanda direbobi ke kira Ɗan Gusau saboda a can aka haife shi, ya ce ya tanadar musu masauki. Mode kuwa ya ɗinka wa kansa jakar tafiya da mafi kyawun fatar da ke rumfarsa, ya je aka yi masa sabon katin shaida, ya sayi takalmi sau-ciki wanda bai taɓa sa irinsa ba.

Ɗansa Gazali, wanda ke aikin koyarwa a Abuja, shi ne bai yarda ba. Ya kira Badaru a waya har sau uku.

"Baba Badaru, don Allah ku bar maganar nan. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa kun san yadda take yanzu. Kuma me za a gani a can? Ruwa ne fa kawai."

"Ruwan na shika son gani," in ji Badaru. "Kai ka san inda ubanka yake, Gazali. Shi bai sani ba."

Kwana uku bayan Salla, da hantsi, Badaru yana zaune a zaurensa yana gyaran rediyo, sai ya ji sallamar mace daga bakin ƙofa. Hauwa'u ce, matar Mode. Ba ta shigo ba, ta tsaya a gefe ta ja mayafi. A shekara talatin na maƙwabtaka, ba ta taɓa zuwa wurinsa da magana ita kaɗai ba.

Bayan gaisuwa ta ce, "Jiya mun koma asibiti. Likita ya kira ni gehe. Ya ce hanta ta, kuma ta ci nisa. Ya ce a maishe shi gida a ba shi abin da ranai ka so."

Badaru ya ajiye sukundireba. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi ya sani?"

"Ban hwaɗa mai ba. Malam Badaru, ku ɗai yaka jin maganakku. In yash shiga motag ga, gawa tai za a maido min, in ma an maido. Uwa tai ta mutu ba ta ga kabarin mijinta ba. Kada a yi min haka."

Ta faɗi wannan ba kuka, murya a daidai, sannan ta juya ta koma gida.

Ranar da la'asar Badaru ya je rumfa ya ce motar ta sami matsala, injin ya buga, sai an kawo kaya daga Kano. Mode ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bayan sati ya ce an gyara, amma direban ya yi lodin Legas. Bayan wani satin ya ce ana ta tare hanya wajen Tsafe, gara a ɗan jinkirta. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, amma da ya faɗe ta sai ya ji ta yi masa ɗaci a baki kamar sauran. Shi mutum ne da aka sani da faɗin magana a fuska. Yanzu ga shi yana shirya ƙarya tun daga gida, yana maimaita ta a hanya.

Mode bai taɓa yi masa musu ba. Ya rage aiki, ya daina ɗinki sai yanka, daga baya yankan ma ya gagara. Yakan zo rumfa ya jingina da bango, kalandar a kan cinyarsa.

Wata Talata ya ce, "Badaru, jiya na ga motar yaronka. Ta wuce ta gaban Gidan Igwai da lodi har sama. Na hito daga wurin mai magani."

Badaru ya buɗe baki zai yi magana.

"Bari, kada ka ƙara wata," in ji Mode. Ya yi ɗan murmushi. "Ba ka iya ba. Kunnenka ka motsi in kana yi. Hauwa'u ta ta aiko ka, na sani. Kuma abin da likita yah hwaɗa mata, jikina ya riga shi hwaɗa min."

"Ka yahe min, Malam Mode."

"Ba komi. Ni ma akwai abin da ban hwaɗa maka ba."

Ya zaro wasiƙar Audi daga aljihu, ya buɗe ta a hankali don kada ta rabe. Ya juya bayanta, inda akwai layi biyu da bai taɓa karanta wa Badaru ba. Ya karanta: kwanakin da suka yi a garin kafin a shiga jirgi, Habibu bai ci abinci ba, bai yi wa kowa magana ba, sai dai ya zauna yana duban hannuwansa.

"Na ji a rediyo, shekarun baya, abin da anka yi ma mutanen garin nan lokacin da soja sunka shiga," in ji Mode. "Kai da kash shekara talatin kana zuwa, kada ka ce min ba ka sani ba."

Badaru ya sani. Ba direban da ya daɗe yana kwana a Asaba da bai ji ba. An tara mazan gari a fili aka buɗe musu wuta. Ya kuma san cewa Ɗan Gusau yana wurin a ranar, don ya taɓa gaya masa sau ɗaya, suna zaune a kan buhunan albasa suna jiran masu sauke kaya, bai kuma sake tayar da maganar ba. Duk watannin nan da suke zana hanya, Badaru yana kewaye wannan wuri kamar yadda direba ke kewaye rami.

"Na sani," ya ce.

"To mi ah hana shi cin abinci? Abin da yag gani, ko abin da yay yi?" Mode ya naɗe wasiƙar. "Wanga shi na ka hana ni kwana, ba ciwo ba. Shekara hamsin da bakwai ina yi mai addu'a a matsayin wanda anka zalunta. Ban sani ba ko akwai masu kuka da shi. Na so in tai in tsaya gaban mutanen garin, in dube su, su dube ni."

Ladan ya kira salla. Badaru ya kama shi ya tashe shi, ya ji hannun ba nauyi, kamar na yaro. A zaune Mode ya yi sallar ranar, kuma ita ce fitarsa ta ƙarshe zuwa masallaci.

Cikin kwana goma ya kwanta gaba ɗaya. Aka mayar da shi ɗakin da ke kusa da zaure don masu dubiya. Hauwa'u ta jiƙa zane ta rataya a taga saboda zafi, tana yi masa fifita in an ɗauke wuta. Kunu kaɗai yake iya sha, shi ma cokali uku. Gazali ya zo ya kwana biyu, ya koma don jarrabawar ɗalibai, da niyyar dawowa ƙarshen mako.

Badaru ya yi kwana biyu yana juya abin a ransa. Ran Laraba da safe ya fita bayan gida ya kira Ɗan Gusau, ya gaya masa komai, bai rage ba. Ɗan Gusau ya saurare shi har ƙarshe.

"Badaru, ka san abin da kake roƙo na?"

"Na sani. In ka ce a'a, ban ga laihinka ba."

"Ba ni awa ɗaya. In bar kasuwa, hayaniya ta yi yawa."

Da awa ta cika Badaru ya yi sallama ya shiga ɗakin. Hauwa'u ta matsa bakin ƙofa ta zauna. Ya durƙusa kusa da katifa, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye ta a kan matashi.

"Malam Mode, ga mutumin Asaba. Shi na za ya sauke mu."

"Sannu da jiki, Malam," in ji muryar. Hausarsa ta mutanen Zamfara ce ta dā, ba gargada. "Sunana Ogbolu. Na share maka ɗaki tun watan jiya."

"Allah shi saka da alheri. Ga shi ban samu zuwa ba." Mode ya numfasa. "An ce kana nan ranar."

"Ina nan. Shekarata goma sha ɗaya. Ba mu daɗe da gudowa daga Gusau ba, lokacin da aka yi ta kashe mutanenmu a Arewa. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya ce mun iso gida, ba abin da zai ƙara samun mu." Ya yi tari. "Aka ce kowa ya fito a yi wa soja maraba. Muka sa fararen kaya, ana kiɗa ana rawa. Da muka isa filin sai aka ce maza nan, mata can. Ni na bi babana da yayana, don ina ganin na girma."

Ba wanda ya motsa a ɗakin. Fifitar Hauwa'u ta tsaya.

"Wani soja ya fizgo ni ta wuyan riga. Ya ce da Hausa, 'Kai yaro, koma wurin uwarka.' Na ce masa da Hausa ni ba yaro ba ne. Sai ya buge ni da gindin bindiga, na faɗa cikin mata. Ban tashi ba na ji an fara."

Mode ya yunƙura zai ɗaga kai, Badaru ya tallafe shi.

"Sojan nan," in ji Mode, "siriri na? Dogo? Yana da tsage uku nan gehen baki?"

Badaru ya runtse ido. A ransa yana roƙon mutumin ya ce e. Kalma ɗaya ce, ba wanda zai taɓa ƙaryata shi, mai tambayar kuma ba zai kai mako ba.

"Malam," in ji Ɗan Gusau, "ban ga fuskarsa ba. Takalminsa na gani. Da zan ce maka shi ne, da na faɗa, don na ji yadda kake numfashi. Amma ban sani ba. Wanda ya ture ni Hausa ya yi. Cikin waɗanda suka yi harbin ma akwai masu Hausa, akwai masu wasu harsuna. Akwai kuma waɗanda aka ce sun ɓoye mutane a gidaje. Ban san inda babanka ya tsaya ba. Ba zan yi maka ƙarya a kan wannan rana ba."

Mode ya koma ya kwanta. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne. Badaru ya ji haushin Ɗan Gusau ya taso masa, har ya kai hannu zai ɗauke wayar, sai Mode ya riƙe masa yatsa.

"Na gode da ba ka yi min ƙarya ba," ya ce. "To ka ji. In ubana na cikin waɗanda sunka yi, ni ɗansa na, ba shi da wani. Ina roƙon ka gahwara."

Ana jin kukan kaji da wata mota can nesa a wayar.

"Na babana da na yayana, ba ni da ikon yafewa, nasu ne," in ji Ɗan Gusau. "Nawa kuwa, shekarun da na yi ba uba, ban san ko babanka na da hannu a ciki ba. In yana da shi, na bar shi. Kai kuma ba ka yi mini komai ba. Kana cikin mahaifiyarka lokacin." Ya ja numfashi. "Shekara hamsin da bakwai, ba wanda ya taɓa kira na daga can ya tambaye ni. Kai ne na farko."

"Babanka da yayanka, an rufe su?" in ji Mode.

"Rami ɗaya aka yi wa mutane da yawa. Na san filin. Ban san daidai wurin ba."

"Ashe kai ma."

"Ni ma."

Daga nan maganar ta sauka. Mode ya tambaye shi ruwan, ya ce yanzu rani ne, ya ja baya, yashi ya fito tsibi-tsibi a tsakiya, masu kwalekwale suna ɗiba. Shi kuma Ɗan Gusau ya tambayi labarin Gusau, ko tashar jirgin tana nan, ko har yanzu ana yin ƙosai a bakinta. Mode ya ce rabonsa da Gusau shekara tara, amma ya ci ƙosan, ba laifi. Har suka yi 'yar dariya. Da za su rabu Ɗan Gusau ya ce, "Allah ya ba ka sauƙi, Malam," Mode ya ce, "Allah shi jiƙan mahaifa," ya ce, "Amin."

Badaru ya mayar da wayar aljihu. Ya kasa duban Hauwa'u, don bai san ko gyara ya yi ko ɓarna ba. Mode ya rufe ido har suka zaci barci ne. Can ya ce, "Hauwa'u, akwai sauran kunun nan?" Ya sha rabin kofi, abin da bai yi ba cikin kwana goma.

Bai ƙara tayar da maganar tafiya ba, bai kuma ce ya sami amsa ba. Washegari ya sa aka kira ƙanensa na wajen uwa, ya gaya masa waɗanda suka kawo aiki ba a gama ba, a mayar musu da fatunsu. Ya ce jakar da ya ɗinka a ba Badaru. Badaru ya ce ina za shi da ita, shi da ya daina tafiya. Mode ya ce, "Ka sa goro."

Ranar Juma'a da hantsi Badaru yana alwala a tsakar gida, sai ya ji salatin Hauwa'u ta kan katanga, ba da ƙarfi ba. Ya bar butar a nan ya fita ba takalmi. Ya tarar da ita tana riƙe da hannunsa tana maimaita masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Badaru ya durƙusa ya karɓa. Ba a yi minti goma ba numfashin ya tsaya. Shi ya shafe masa ido, ya ɗaure masa haɓa da gefen rawani.

Aka kira Gazali, ya ce ga shi nan ya kamo hanya. Amma daga Abuja zuwa Sakkwato wuni ne cur, ga zafi, liman ya ce ba a ajiye mamaci. Gazali da kansa ya ce a waya, yana kuka, kada a jira shi. Badaru da liman suka yi wanka. Jan da ke yatsun bai fita ba, suka bar shi. Aka sallace shi bayan an sauko daga Juma'a, mutane har bakin titi, dukawa da 'yan kasuwa da direbobi. Badaru, duk da bayansa, ya shiga ramin ya karɓe shi. Da aka gama jera itace aka toshe da laka aka tura ƙasa, kowa ya juya, shi ya tsaya a baya. Ya dubi katanga, ya dubi itatuwa, ya taka ƙasa yana ƙirga sawu, kamar yadda yake haddace mararraba a garin da bai sani ba.

Gazali bai iso ba sai da safiyar Asabar, don motarsu ta kwana a Gusau, direba ya ƙi bin hanya da duhu. Ya shiga wurin mahaifiyarsa ya daɗe. Da ya fito, idanu jajur, ya ratsa masu zaman makoki ya durƙusa gaban Badaru.

"Baba, an ce ku kuka sa shi."

"Ni na."

"Jiya mutum nawa aka rufe a wurin?"

"Shida, da na gani."

Gazali ya sunkuyar da kai. "To yaya zan gane nasa?"

Badaru ya jawo takalminsa, ya dafa kafaɗar Gazali ya miƙe. Suka tari keke Napep zuwa maƙabarta. Da suka shiga suka yi sallama ga mazauna wurin, Badaru ya wuce gaba, yana ɗingishi kaɗan, yana bi ta tsakanin kaburbura a hankali don kada ya taka na wani.

"Ka lura da kyau," ya ce. "Daga ƙohwa ka bi katanga ta hannun dama. Ka ƙirga dogonyaro, ɗaya, biyu, na ukku mai reshe karyayye. Ka ba shi baya. Taki goma sha biyu."

Suka taka tare, Gazali yana ƙirgawa a ƙarƙashin numfashi. A na goma sha biyun suka tsaya gaban wani sabon tudu, da fasasshen bakin tulu a wajen kai.

"Ga shi nan," in ji Badaru.

Gazali ya tsuguna ya ɗora tafinsa a kan ƙasar. Saman ta riga ta bushe ta yi fari, amma da ya ɗan danna, sai yatsunsa suka shiga inda take da sauran danshi. Badaru ya koma inuwar dogonyaron ya tsaya, ya bar shi.